Wayar da ta san takun Gwaggo Asabe

Duk wanda ya san Gwaggo Asabe mai lalle ya san ba a taɓa mata waya. Ko ni da ta goya, in na miƙa hannu sai ta buge shi.

Ɗanta da ke aiki a Gusau ne ya sa mata wani tsari a ciki. Wayar kullum tana lura da fuskarta da riƙonta, har da takunta. Da ta ji baƙon hannu sai ta kulle, in abin ya yi tsanani ta nemi lambar sirri. Lambar kuwa Gwaggo ta canza ta don kada ɗan ya sani, ita ma ta manta. Ga shi a ciki akwai saƙonnin muryar marigayi mijinta, Malam Sani direba, da yake turo mata daga tashar Tsafe. Duk littattafan soyayyar da na haddace, ban ci karo da irin wannan ba!

Don haka Gwaggo ta ƙi canza komai nata, kada wayar ta daina gane ta. Wani biki a Bungudu muka lallaɓa ta ta sa takalmi mai tsini. Taku goma, waya ta kulle. Nan take ta tuɓe ta miƙa wa ƙanwar amarya, ta koma silifas ɗinta.

"Ko waya ta san wannan yangar ba tawa ba ce."

Likita ya ba ta tabarau, ta ce ba za ta ɓoye wa wayarta fuska da tsufanta ba. Haka ta zana wa wata amarya fure a gwiwar hannu, ta kafe wai sabon yayi ne.

Wurin mai caji kuwa, da kujerarta take zuwa, ta riƙe abarta har ta cika. Ya ce mata bai taɓa sata ba.

"Ni ma ban taɓa ba, ɗan nan. Sai mu zauna mu biyu."

Da ciwo ya kwantar da ita, ta rame, hannunta ya kama rawa. Wata safiya wayar ta ƙi gane ta. Na fashe da kuka, na ce zan kai ta Gusau a buɗe. Ta riƙo mayafina tana murmushi.

"Bar ta, ɗiyata, amana ta riƙe. Malam kuwa na kusa jin sa da kunnena."

Allah Ya jiƙan Gwaggo, Ya haskaka kabarinta, Ya sada ta da Malam a Aljanna.