Tafin hannun 'yar fari

Gudiya ungozoma ce a Alelu, amma ba irin wadda ke zaune sai jariri ya faɗo a kira ta yankan cibi ba. Ita tun ciki bai tasa ba take bin gidaje, ta kama hannun mai ciki ta juya, ta duba tafi, ta duba ƙafa, ta leƙa baki. Tunjere take nema, ciwon nan da uwa ke shafa wa ɗan da ke cikinta. Ta sha ganin uwa lafiya ƙalau a ido, a haifi ɗa yana saɓar fata, hanci a toshe, ko suna bai kai ba. Mata na ce mata mai shisshigi. Da Nasara suka kawo allurar ciwon a ɗakin magani na Jega, masu zagin nata su ne suka riƙa turo mata 'ya'yansu ta raka su.

Mace ɗaya ce a garin Gudiya ba ta taɓa dubawa ba: Murjanatu, 'yarta ta fari. Kunyar ɗan fari kuwa, Gudiya ta riƙe ta fiye da kowa. Ba ta faɗin sunan yarinyar, ba ta haɗa ido da ita. Ni dai har yau abin na ba ni haushi, don Gudiya yayar kakata ce, kuma na san ba ta da wauta.

Murjanatu ta zo goyon ciki daga Sabiyal inda take aure, hannu da ƙafa jawur da lalle. Ya fara koɗewa, ta sake ƙunshi. Ya sake koɗewa, ta ƙara. Gudiya tana gani ta wutsiyar ido, kunya ta hana ta tambaya. Haka aka cinye wata guda da rabi.

Ran nan da hantsi yarinyar ta miƙo mata ƙwaryar fura. Gudiya ta bar ƙwaryar ta faɗi, ta cafke hannun. Ta goga babban yatsa a tafin, ta ji ƙuraje masu ɓawo a ƙarƙashin jan.

"Tun yaushe wanga abu yat taho miki?"

"Tun damina, Inna."

"Mi ya hana ki hwaɗi?"

"Ke ma ba ki tambaya ba."

Ranar suka hau jaki sai Jega. Malamin allura ya san Gudiya sarai. Ya dubi cikin, wata tara ya kusa cika, ya ce, "Inna, ɗiyan mutane kina kawo su da wuri. Taki fa?" Gudiya ta turo yarinyar gabansa. Allura biyu kawai aka samu yi, naƙuda ta zo.

Namiji ne. Gudiya ta duba fata, lafiya. Hanci, lafiya. Aka yi suna, aka yi arba'in, mutanen gida suka saki jiki. Ita ba ta saki ba, don ta lura yaron ba ya firgita in ana daka a kusa da shi.

Wata rana yana kwance a tabarma, idonsa biyu, ta zagaya bayansa da tasar ƙarfe, ta sake ta a kan dutsen niƙa. Kaji suka watse, Murjanatu ta fito a guje daga ɗaki. Yaron kuwa yana ta wasa da yatsun ƙafarsa.

Gudiya ta sunkuya, ta ɗauki tasar, ta matso kusa da kunnensa ta sake jefarwa.