Sandar Mode da Daɓen Inna

Mode maƙeri ne a Wurno, gadon uba da kaka. Galma da lauje da linzami ya tashi yana ƙerawa, kuma da su ya so ya tsufa. Sai ƙanensa Siddiƙu ya dawo daga yaƙin Bama ya iya tuƙi, ya jajibo wata tsohuwar motar soja da Turawa suka gaji da ita, yana kwasar albasa da mutane zuwa Goronyo da Rabah.

Motar akwai ƙarfi, amma akwai mugun hali. In ta sha kaya ta shiga gargada, sai ta kama rangaji kamar raƙumi. Ran da ta kusa kifewa da mutane a gangaren Kwargaba, uwarsu Inna Uwaliya ta kira su.

"Siddiƙu, ban yahe ba in kas sake hawa abin ga. Yaƙi bai ci min kai ba, mota ba ta cin min kai."

Siddiƙu ba gona, ba wata sana'a. Tausayinsa ya kama Mode, ya roƙi tsohuwa ta bari ya gwada gyara tukun. Siddiƙu ya taɓa ganin wata sandar ƙarfe a ƙarƙashin wasu motocin soja, wadda ke ɗaure dama da hagu don kada gefe ɗaya ya rinjayi ɗaya. Ya zana masa ita a ƙasa da yatsa. Mode ya hura wuta, ya ƙera ta, ya lanƙwasa bakunanta. Aka kwance danga aka shigo da mota tsakar gida, ya kwanta ƙarƙashinta ya ɗaure notuna tamau.

Da aka fito da ita fili, sai ga ta a karkace, kamar jakin da aka loda wa kaya gefe guda. Mutanen Wurno kuwa ba a yi musu haka su yi shiru. Har masu wucewa kan karkatar da wuya su gaishe shi. Mode ya mai da motar tsakar gida, ya kwance sandar ya auna, lafiyarta lau. Ya mayar, jiya i yau. Abin ya ci masa rai har tuwo ya daina shiga.

Wata safiya Inna ta same shi a ƙarƙashin motar, da ƙwaryar ruwa a hannunta.

"Mode, mi kaka biɗa nan? Hito ka diba."

Ta tsiyaye ruwan a ƙasa. Ruwan ya miƙe sak ya nufi rariya.

"Ni nad daɓe wurin ga tun kana goye, kuma da gangan nak karkata shi, don kar damana ta ci muna ɗaki. Kowace mace haka taka yi."

Ashe motar a jirkice take tsaye sa'ad da yake ɗaurewa, sandar kuma ta riƙe jirkicewar gam, kamar yadda aka ce ta riƙe. Mode ya yi dariya har da hawaye, sannan ya durƙusa.

"Inna, ki yi min daɓen da ruwa ba shi gudu bisa nai."

"Wanga ai ɓata daɓe na," in ji ta. Amma ta tara matan unguwa da madaɓansu, aka kawo tsakuwa da makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa, suna duka suna waƙa. Mode na binsu da buta: inda ruwa ya gudu, a ƙara ƙasa. Haka aka yi ta yi har ruwa ya rasa inda zai bi.

Da daɓe ya bushe, Mode ya hau da mota kansa, ya aza tasar ruwa a bayanta, ya ga ruwan ya yi daidai da baki ta ko'ina, sannan ya ɗaure sandar. Ta fito a miƙe ƙyam.

Siddiƙu ya tsaya a gefe bai taɓa ko ƙofa ba, don maganar uwa na nan daram. Sai ga Inna ta fito da mayafi, ita da ba ta taɓa shiga mota ba, ta miƙa wa Siddiƙu hannu.

"Kama ni in hau. Gangaren Kwargaba za mu. Ƙarhen ɗana na, daɓena na. In ta kihe, ta kihe da ni."

Mode na tsaye a bakin danga da sifana a hannu, alfahari ya cika masa ƙirji, yana kallo Siddiƙu ya ja motar da Inna a gefensa.