Tafarnuwar da Kaka Ta Bi Har Goronyo

Har yau in warin tafarnuwa ya bugi hancina a kasuwa, sai in tuna ranar da kakata ta yi abin da ba a taɓa yi ba a zuriyarmu. Gidanmu a Wurno gidan malamai ne. Mun tashi muna ganin ana kawo wa manyanmu gero da goro, su ɗaga hannu su yi addu'a, mai kawowa ya shafa ya tafi. Abin da ya shiga hannun malami ya shiga ke nan, ko a mafarki ba a cewa ya dawo da shi.

Ina aji shida a lokacin, jarrabawar shiga sakandare ta matso, ni kuwa lissafi ya ƙi ni na ƙi shi. Sai wani malamin makarantarmu ya buɗe lesin na bayan la'asar, wata uku, a biya tun farko. Babana ya ce ba shi da hali sai an yanke shinkafa. Kaka, wato mahaifiyarsa, tana da ɗan fili a fadama, kuma tun da ruwan dam ya fara zuwa da rani take sa a shuka mata tafarnuwa. Buhu biyu ta samu a shekarar. Ta sa aka ɗora ɗaya a kan jaki zuwa gidan malamin, ta bi baya da goro a ƙulle a gefen zane. Malam ya karɓa, ya ɗaga hannu ya yi doguwar addu'a, muka shafa. Ba takarda, ba shaida, don wa zai nemi takarda a wurin malami?

Mako biyu muka yi muna zama a zaurensa, cikin zafin da ke sa alli ya jiƙe a hannu. Har na fara gane rabawa. Ran nan muka je muka tarar da kwaɗo a ƙofa. Maƙwabcinsa ya ce ai malam ya sami aikin akawu a wurin dam na Goronyo, tun da safe ya kwashe kayansa. Na tsaya kamar an dasa ni. Ko sallama bai yi mana ba.

Da na kai labari gida, babana ya yi salati, ya ce a bar wa Allah. Kaka na tsinke zogale, ba ta ɗago ba, ta ce gobe za ta Goronyo.

"Inna, mi za ki yi can?" in ji babana. "Malami na fa. Ya yi addu'a, kin ce amin."

"Na ce amin," ta ce. "Amma ba addu'a nis saya ba. Wata ukku nis saya ma ɗiyarka, yab ba ni mako biyu."

Gwaggona ta riƙe baki. Ni kaina tsoro ya kama ni, na ɗauka wani mugun abu zai same mu.

Washegari ta ja ni muka hau a-kori-kura. Muka sami malam a wani ofishin kwano, da biro a aljihu, ga leburori sun yi layi. Kaka ta gaishe shi da ladabi, har da durƙusawa, ta tambayi gajiyar ƙaura. Sannan a gaban kowa ta ce ta zo ne kan tafarnuwarta. Ban taɓa ganin fuskar babban mutum ta canza haka ba. Ya ce shi wallahi ya ɗauka alheri ne ta yi masa, kuma ya riga ya sayar. Ta ce to ko ya koma ya ƙarasa karatun, ko ya ba ta abin da za ta kai wa wani malamin. Kunya ta sa na ɓoye fuska a bayanta.

Ƙarshen wata malam ya aiko wani direba da kuɗin tafarnuwar cif. Kaka ta cire na mako biyun da ya koyar, ta ba direban ya mayar masa, ta ce wannan guminsa ne. Sauran ta kai wa wata malama da ta ƙarasa mini darasin, na kuma ci jarrabawar. Amma unguwa ta daɗe tana maganar tsohuwar da ta karɓe abu daga hannun malami, kuma babana ya yi kwanaki ba ya iya haɗa ido da mutanen masallaci.

Yanzu ni ce malamar, ina koyar da yara lesin a zauren gidana. Zamani ya canza, akwai rasit, akwai turawa ta waya, har na ɗauka waccan kunyar ta mutu. Bara rashin lafiya ta kwantar da ni mako uku, sai na mayar wa kowane uba kuɗin kwanakin da ban koyar ba. Kafin la'asar wani dattijo ya yi sallama, da kuɗin a hannu, ɗansa da nake koyarwa na biye da shi yana kuka, alamar ya sha duka. Ya durƙusa a ƙofar zaure ya ce, "Malama, don Allah ki gaya mini gaskiya. Mi yaron nan yay yi miki kika kore shi?"