Kawuna Da Jarkar Manja

Shekarun baya, babu abin da nake jin kunya irin a ce ni ɗan ƙanwar mawaƙin ƙauyenmu Kwaja ne. Kawuna manomi ne, amma duk gayya ko biki sai an kira shi da molonsa. Da yaren Gude yake waƙa, shi yake tsara abarsa. Ni kuwa na shiga sakandare a Mubi, kaina ya kumbura. Har shawara na ba shi, wai ya koma yi da Hausa ko kaset ɗinsa zai shiga kasuwa.

Ya dube ni ya ce, "To malam, su tsofaffin da ke noma a bayana fa, wa zai fassara musu? Kai?"

Da Mubi ta faɗa hannun 'yan bindiga, muka gudu ba shiri. A hanya muka rabu da ƙanwata. Mu muka ƙare a harabar wata makaranta a Yola, wayar wata maƙwabciyarmu da ke tare da yarinyar kuma ba ta shiga. Mahaifiyata ta daina cin abinci. Kawu ya baro molonsa a rataye, ya daina waƙa kamar ba shi ba.

Wata rana da hantsi mahaifiyata ta ajiye masa jarkar manja a gaba.

"Yaya, ka yi wa kowa waƙa a garin nan. Ka kira min 'yata."

Ya ce muryar ba ta nan. Ta ce ya nemo ta.

Haka ya fara kiɗa jarka, yana kiran sunan yarinyar da na kakanninta da gonar da aka haife ta. Mutane suka taru, kowa na miƙo sunan nasa da ya ɓata. Aka ba ni biro da takarda in rubuta sunayen, ni mai boko, na kuma zama ɗan amshin dole. Yara suka ɗauki waƙar, masu waya suka naɗa, ta tsallaka wasu sansanonin.

Bayan kwanaki wani dattijo ya zo yana tambayar mai jarka. Ya ce ya baro yarinyar nan a wani ƙauye cikin Kamaru, lafiyarta ƙalau, tana taya matar mai unguwa ɓarar gyaɗa. Mahaifiyata ta zauna a ƙasa ta ce a ba ta kunu.

Ba duk wanda aka kira ne ya amsa ba, kuma Kawu bai taɓa cire sunan kowa daga waƙar ba har ya rasu bayan mun dawo gida. Sai yanzu nake gane nauyin da ya ɗauka. Ƙanwata tana aure a Vimtim. In na kai ziyara na ɗauko waƙar, 'ya'yanta kan roƙe ni in bar wa uwarsu, wai ina ɓata musu ita. Gaskiyarsu ce, amma sai na kai ƙarshen sunayen nake yin shiru.