Ranar da Aka Tsallaka Titi da Gawar Alhaji

Alhaji ya rasu da hantsi, ranar Alhamis, a gidan ɗanmu a Ainu Shams. Ya sha kunu kaɗan, ya ce in gyara masa filo, na gyara, na juya zan ɗauki kofi, shi ke nan. Ciwon ƙoda ne ya kawo mu Masar. Yaron yana karatu a can, ya ce mu zo a gwada likitocinsu. An gwada. Kwana ya ƙare.

Abu ɗaya ya roƙe ni tun da ransa. A asibitin da ake wanke masa jini ya taɓa ganin ana tura wani mamaci ɗakin sanyi, abin ya tsaya masa a rai. Ya ce, "Hajiya, in na riga ki, kada ki bari a sa ni a firji kamar kifi. Ranar da na mutu, ranar za a rufe ni." Na ce, "Wa ya ce maka kai za ka riga ni?" Ya ce, "Ke dai ki riƙe."

Lokacin ana dokar hana fita, da dare ya yi kowa ya shige gida. Ga zafi kamar a tanda. Ga gobe Juma'a, ranar da ofisoshinsu ke rufe.

Gidan ɗan nawa ɗaki biyu ne a ƙololuwar bene. Banɗakin, mutum ɗaya ma sai ya karkata yake shiga, ba inda za a shimfiɗe namiji a yi masa wanka. Akwai wani dattijon ɗalibi, mutumin wajen Katsina, kowa Malam yake ce masa, shi ke yi wa mutanenmu ɗaurin aure da raɗin suna. Gidansa yana tsallaken titi, a ƙasa, da ɗan fili a baya. Da ya zo ya duba sai ya ce a kai Alhaji wurinsa. A gida ma ai haka ake yi, gidan da ya fi fili nan ake sutura. Ba wanda ya ga aibu.

Ɗana ya tafi ofishin lafiya na unguwa ya sanar, don ya san ba a binne mutum a Masar sai likitan hukuma ya gan shi ya ba da izini. Ɗalibai kuma suka naɗe Alhaji a bargo suka sauka da shi. Bawwab ɗinmu, wato mai gadin ƙofar benen, ya tare su yana ɗaga hannu yana zuba Larabci. Wani ya ce masa ma'alish, wato ya yi haƙuri, suka wuce. Mun ɗauka surutunsa ne na kullum.

Likita ya zo tare da ɗana wajen azahar, mutum mai ƙiba, ya hau benen nan yana haki. Ya tarar da gado ba kowa. Ya tambaya, aka nuna masa gidan Malam ta taga. Ya leƙa, ya juyo ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya faɗi magana, ya ɗauki jakarsa ya sauka.

Na ce wa ɗana, "Kai, me ya ce?"

"Inna, ya ce wancan ɓarin ba nasa ba ne. Wai titin nan shi ne iyaka. Daga can wani ofis ne."

"To je ka wancan ɗin."

Ya je. Su kuma suka ce mutum a wane gida ya cika? Ya faɗa. Suka ce to ba namu ba ne, koma inda ka fito. Ya dawo ya zauna a matakala ya haɗa kai da gwiwa. Namiji ne da 'ya'ya, amma ranar ubansa ne ya mutu, ban ga laifinsa ba. Na ɗauki mayafina na ce ya tashi ya kai ni ofishin farko. Matarsa ta ce, "Inna, takaba fa." Na ce takaba ta jira ni in dawo.

Muka shiga tuk-tuk, irin Keke Napep ɗinmu. Ofishin wani tsohon gini ne, mata cike da jarirai sun zo allura. Nan ake rubuta haihuwa, nan ake rubuta mutuwa, taga biyu kusa da juna. Wata ma'aikaciya mai tabarau ta ba ni kujera, ta kira ni Hajja. Ta nuna min taswira a bango, da jan layi ya bi ta tsakiyar titinmu. Lokacin ban iya karatu ba, sai bayan na koma gida na shiga makarantar manya, amma layi ko jahili yana ganinsa. Ta yi bayani, ɗana yana juya min. Kowace unguwa an yanka ta gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa da ofishinta da likitanta. Likita yana ganin mamaci ne a inda ya cika. In an ɗauke gawa, kuma baƙo ne, sai a ce akwai abin da ake ɓoyewa. Daga nan 'yan sanda ne, sai asibiti, sai ɗakin sanyi har bayan Juma'a.

Mu ma muna da mai unguwa da dagaci da hakimi, kowa da iyakarsa. Amma ban taɓa jin an tambayi gawa ta wace unguwa ce ba.

Na ce, "Tambaye ta, in aka mayar da shi gadonsa fa?"

Ta cire tabarau ta goge ido. Ta shiga ciki ta daɗe. Da ta fito ta ce likita ya yarda zai sake zuwa, amma sau ɗaya, kuma ya ce a gaya min gwiwarsa ba ta haya ba ce. Ta dafa kafaɗata ta ce yalla, wato mu hanzarta.

Mun tarar an gama wanka, an sa likkafani, turare ya cika gidan Malam. Da Malam ya ji abin da za a yi sai ransa ya ɓaci.

Ya ce, "Hajiya, mutum an gama masa sutura, a yi ta yawo da shi a titi kamar kayan talla? A koma ofishin nan ɓarin a ce a gidana ya cika. Khalas, magana ta ƙare."

Na ce, "Malam, an riga an gaya musu gaskiya, yanzu kuma a koma da wata? Ni ban yi karatu ba, ku kuka yi. Amma ba za a buɗe masa kabari da ƙarya ba. Ku kuka sauko da shi, ku hau da shi."

Bai ji daɗi ba, na gani a fuskarsa. Amma shi ya fara kama wajen kai.

Saukowa da mamaci ta fi hawa da shi sauƙi. Matakalar ƙunci gare ta, kowace kwana sai sun tsaya sun miƙar da shi tsaye. Ina biye da su ina jin yadda suke nishi. Maƙwabta Misirawa suka buɗe ƙofofinsu, mata suna salati, wani tsoho da rigar barci ya fito ya sa kafaɗarsa. Bawwab bai ce mana ai na faɗa muku ba. Gaba ya shiga yana kawar da kwandunan shara.

Aka kwantar da shi a gadonsa, a kan zanen da ya cika. Likita ya zo bayan la'asar, ya kwance likkafanin daga wajen fuska, ya duba, ya karanta takardun asibiti, ya sa hannu. Ni na mayar da ƙullin, ban bari wani ya taɓa ba. Fuskarsa tana nan kamar ya yi barcin rana.

Suka sake sauka da shi. Maƙabartar tana da nisa, can bakin hamada, motar haya suka ɗauka. Mu mata muka zauna. Ina duban rana ta taga tana yin ƙasa, ban iya ko jan carbi ba.

Ɗana ya shigo dab da lokacin hana fita, wandonsa duk rairayi. Ya durƙusa a gabana.

Na ce, "An rufe shi?"

Ya ce, "An rufe shi, Inna. Ana kiran magariba muna zuba ƙasa."

Na ce alhamdu lillahi. Sai a lokacin na cire takalmina, na ce wa matarsa ta shimfiɗa min tabarma a ƙuryar ɗaki.