Takardun da Mama ta ƙona wa Hephzibah

Hephzibah ita ce autar gidanmu a Unguwar Gabas, ita kaɗai ta kai jami'a. A 2005 tana digiri na biyu a Samaru, kullum cikin motar haya. Karatunta a kan wata iska ce mai wuta a jiki, wai plasma, irin ta can sama wajen taurari, da ƙwayoyin ƙura na yawo cikinta. Ta ce in aka girgiza ta kaɗan, kaɗawar sai ta baje ta mutu. In aka girgiza da ƙarfi kuwa, wata kaɗawar sai ta tashi kamar tozon bijimi, ta yi ta tafiya ita kaɗai ba ta watsewa. Lissafin wannan tozon ta shekara tana yi da biro, tana tura takardun ƙarƙashin katifa saboda ɗakin na yoyo.

Ta rame. Tuwo na gabanta tana magana ita kaɗai, tana zane a iska da yatsa. Mama kuwa hankalinta ya tashi.

Ran wata Talata Mama ta ɗaga katifa za ta shanya, ta ga takardu cike da alamomi, ba Hausa ba Turanci. Ta kira ƙawarta Josephine ta Zumuntar Mata a coci. Josephine ta ja da baya, ta kira Mama da sunan ɗanta na fari.

"Maman Toma, wannan ai jifa ne. Shi ke shan jinin yarinyar nan."

Suka yi addu'a, suka cusa a murhu.

Hephzibah ta dawo ta tarar da toka. Saura sati uku ta miƙa aikin, in ta wuce ranar, shekara guda ta tafi a banza.

"Mama, me na yi miki?"

"Ceton ki na yi."

"Lissafi ne, Mama! Lissafi!"

Mama ta zauna a ƙasa.

Malamin Hephzibah ya ce ba ƙarin lokaci. Ta koma ɗakin wata ƙawarta a Samaru ta fara daga farko, abin da kai ya riƙe. Babi biyu suka dawo. Na ukun, inda tozo biyu ke karo su wuce juna, ya ƙi, har ta haƙura ta cire shi.

Ta miƙa ran ƙarshe, da rana tsaka. Malamai suka yi ta juya ta da tambayoyi, ɗaya ya ce aikin ya yi siriri. Amma ta ci! Autarmu ta ci! Mama ta yanka kaji biyu. Hephzibah ta zo, ta gaida kowa, ta ci kaɗan, kafin yamma ta hau mota ta koma Samaru.