Ƙafafun Mumbari

Ƙanen mijina kafinta ne, kuma a iya sanina faɗa ɗaya ya taɓa yi a rayuwarsa, shi ma kaye ya sha. Da Fasto ya yi shi.

Faston nan ɗan guntu ne. In ya hau mumbari, tabarau kawai muke hangowa da tsinin yatsa. Ya ce a rage wa mumbarin tsawo. To mumbarin nan surukina ne ya ƙera shi, uban kafintan, kuma shi ne aikinsa na ƙarshe a duniya. Kafinta ya ce sai dai a kawo kujera Fasto ya taka.

"Ni yaro ne da zan taka kujera?"

"To Baba Fasto, ni na hana ka tsawo?"

Dattawa suka goyi bayan Fasto. Shi kuwa ya yi ɗage ya dafa kafaɗar kafinta, ya ce, "Ɗan'uwa, ba don baƙo za ka yanka ba. A kan mumbarin nan zan tsufa, a kansa zan mutu." Kafinta ya sa wa ƙafafun mumbarin zarto yana sharar hawaye, ina gefe ina yi masa tsokanar ƙanen miji, ina cewa, "Miji, a hankali, kar ka haɗa da gemunka." Guntayen ƙafafun ya kai su ƙarƙashin gado ya ɓoye.

Daga nan suka zama aminai. Ƙofar Fasto, gadon Fasto, har kejin kajin matar Fasto, duk hannunsa ne. Shekaru suka ja, furfura ta kama su tare.

Bana sai ga sanarwa: za a ɗauke Fasto, za a kawo wani. Ikilisiya ta rikice, wasu suka ce sun bar zuwa coci. Kafinta ya rufe shago ya bi su gida-gida. "Ku yi haƙuri, daga sama aka tilasta masa. Ko barci ba ya yi. Ku karɓi sabon, don darajarsa." Ni ma ya zo mini, na ce, "Miji, kai aka naɗa mai lallashi?" Amma na yi kuka, kuma na koma. Kowa ya koma.

A taron zumuntar mata ne matar Fasto ta yi suɓul da baka. "Ai mun gode wa Allah, tun bara muke roƙon a kai mu babbar coci." Ni na kai wa kafinta labarin. Ya ci gaba da goge katakon da tuni ya yi sumul. Ranar ko tsokanarsa ban iya yi ba.

A zaman shirya bankwana, Fasto ya roƙi tsaraba ɗaya: mumbarin. Wai daidai shi aka yanka, sabon Faston kuwa dogo ne, sai ya sunkuya. Dattawa suka rabu biyu, hayaniya ta tashi. Kafinta ya kwance wani tsumma, ya jera guntayen ƙafafun a kan tebur, ya ce gobe zai mayar da su da gam da ƙusa.

Fasto ya ce, "Haba ɗan'uwa! Bayan duk zaman da muka yi, ka hana ni?"

"Ban hana ka ba, Baba Fasto. A kansa ka ce za ka mutu. Ranar da ka shirya, ka dawo, yana nan. Zan ajiye maka kujera."